Farar Takardar da Kawu Ya Karanta

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne ciyaman ɗin jam'iyya na mazaɓarmu tun ina makarantar horon malamai. A Koki gidanmu yake, gidan da kakanninmu suka kafa da suka zo daga Barno, kuma sana'ar gidan ita ce rubuta Alƙur'ani da hannu. Kawu ya yi wannan sana'a tun yana saurayi, boko kuwa da girmansa ya koye shi a ajin yaƙi da jahilci, bayan siyasa ta shige shi. Dogo ne, baƙi, ba ya yawan fara'a. Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, kuma yana son kowa ya san haka, don kuwa ba ya zama da mutum minti goma bai gaya masa ba. Mutane suna ganin girmansa fiye da yadda suke son sa. Ni yana kira na Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma duk gidan ni kaɗai ce yake bari na musa masa magana.

Ina aure a lungu na uku daga gidan, ina koyarwa a firamaren unguwa. Wata rana da la'asar Inna, mahaifiyata, ta ba ni kwanon fura na kai masa zaure. Na ajiye a gabansa. Ya miƙa hannu, sai hannun ya sauka a kan tabarma, nesa da kwanon. Ya sake lalube, ya ture ludayi. Na ɗauki ludayin na mayar cikin kwanon.

Ya ce, "Uwata, saya ƙofar nan."

Na saya.

"Me kika gani?"

Na ce, "Ban ga komai ba, Kawu."

"Ƙarya kike yi. Kin gani. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma wai na makara. Haske nake gani da duhu, shi ke nan. Matata ta sani, uwarki ta sani, yanzu ke ce ta uku. Idan na ji a bakin na huɗu, na san inda zan nema."

A lokacin na gane dalilin da ya sa ya ajiye alƙalami da tawada tun bara, yana cewa hannunsa ne ke rawa.

Daga ranar aikina ya ƙaru. Kullum in na tashi daga makaranta, na yi girki, sai na wuce zaurensa na karanta masa duk takardar da ta zo daga jam'iyya. Mutum ne da ya haddace Alƙur'ani tun yana ƙarami, wasiƙar shafi biyu ba komai ba ce a wajensa. Sau biyu nake karantawa, na uku shi zai maimaita, har da inda aka sa waƙafi. Washegari a wajen taro sai ya sa baƙin tabarau, ya riƙe takardar daidai fuskarsa, yana bi da yatsa, yana karantowa daga ka. Lungunan Koki kuwa ƙafarsa ta san su, ya san inda kowace kwata take da inda dakali ya fito. Yana gane mutum da murya tun daga sallama, har ya tambaye shi jikin tsohuwarsa. Shekara biyu muka yi a haka, babu wanda ya ɗago.

Ni ma ina siyasar. Ni nake shiga gida-gida ina tattaro mata ranar zaɓe, ni nake nuna wa tsofaffi inda za su dangwala. Da shugabar matan mazaɓa ta rasu, matan da kansu suka ce ni suke so. Aka rubuta sunayen sababbin shugabanni, aka kawo wa Kawu ya sa hannu, ni kuma na zauna ina karanta masa kamar kullum. Da na zo kan sunana sai na karanta shi da murna.

Ya ce, "Tsaya. Maimaita."

Na maimaita.

"Goge shi."

Na ce, "Kawu, mata ne suka zaɓe ni, ban nema ba."

"Ba za a ce gida ɗaya ya cinye kujera biyu ina raye ba. Akwai biro a hannunki, ja layi a kai. Ina so na ji ƙarar sa."

Na ja layi a kan sunana da hannuna, ya kasa kunne ya ji. Sannan ya faɗi sunan wata mata wadda ko taro ba ta zuwa, ya ce na rubuta a gurbin. Na rubuta. Bai ce mini yi haƙuri ba, sai cewa ya yi na ci gaba da karanta sauran. A wajen taro kuma ya ba da labarin da bakinsa, yana alfahari, wai ko 'yar ƙanwarsa bai raga wa ba. Maza suka yi ta jinjina masa. Ni ina zaune a cikin mata, kowa na satar kallona.

Ban daina zuwa zauren ba. Amma daga ranar, in ina karanta masa takarda, nakan ɗaga kai na kalli idanun nan da ba sa gani, na tuna layin da na ja a kan sunana.

A shekarar ne manyan jam'iyyarmu na sama suka ɓata. Mu ne ke mulki, amma jam'iyyar ta dare biyu: masu bin gidan gwamnati, da masu bin wani tsohon jigo da aka ture gefe. Rigimar da aka fara a manyan faloli ta gangaro har lungunmu, har ta kai ana fasa gaisawa a bakin masallaci. Kawu ya tsaya da tsohon jigon, ya ce da shi ya fara, ba ya canza sheƙa da furfura. Sakatarensa kuwa ya bi gidan gwamnati. Sakataren nan mutum ne mai sanyin murya, ɗan shekara arba'in da wani abu, yana da shagon sayar da robobi a Ƙofar Wambai. Kawu ne ya jawo shi siyasa, kuma shekara da shekaru yana yi masa tsawa a gaban jama'a kamar ɗan cikinsa. Yanzu yana son kujerar, amma shi kaɗai ba shi da ƙarfin da zai ɗauke ta.

Ƙarfin yana hannun wani mutum da kowa ke kira Kwamared, shugaban wata ƙungiya ta masu adaidaita sahu da ke lodi a bakin titinmu. Gajere ne, mai ƙiba, kullum da waya biyu a hannu. Ba shi da muƙami a jam'iyya ko ɗaya, amma ya yi wa yaransa katin jam'iyya kaf, kuma ranar zaɓe su ne ke kwasar mutane kyauta zuwa rumfa. In ya ce yau ba a fita, malamai da 'yan kasuwa a ƙafa za su tafi. Duk mai neman kujera sai ya je ya gaishe shi a kan bencinsa.

Abin da Kwamared ke so shi ne filin da ke gaban makarantarmu, inda yara ke wasa, ya mayar da shi tasha. Ƙaramar hukuma ta ce sai ciyaman na mazaɓa da dattawa sun sa hannu. Ina cikin zaure, a bayan labule, ranar da ya zo neman sa hannun.

Ya ce, "Baba, mu ne muka kawo gwamnatin nan da ƙafafunmu uku. Ɗan filin nan kawai muke roƙo."

Kawu ya ce, "Roƙo kake yi ko umarni? Muryarka ba ta mai roƙo ba ce."

"Duk yadda ka ɗauka, Baba."

"To filin yara ne. Ubanka a nan ya yi wasan langa, ni na san shi tun yana tura kura. Tashi ka ba ni wuri."

Kwamared ya yi 'yar dariya, ya sa takalmansa a hankali, ya ce, "Allah ya ƙara girma." Kafin sati ya zagayo, shi da Sakatare sun zama abu ɗaya.

Sun nemi laifin da za su ɗora wa Kawu, sun rasa. Dattawa suna tare da shi, ko waɗanda ba sa ƙaunarsa sun ce ba za a wulaƙanta mutumin da bai yi komai ba. Ana nan wata Talata, lokacin tara, ina zaune a barandar ajina ina duba littattafan yara, sai ga su su biyu. Sakatare ya gaishe ni da ladabi har da rusunawa. Kwamared ya jawo bencin yara ya zauna, bencin ya yi ƙara.

Ya ce, "Malama, ba doguwar magana muka zo da ita ba. An zalunce ki, kowa ya sani. Kujerar shugabar mata taki ce. Ranar da aka canza ciyaman, ranar za ki hau. Mu dai ki jawo mana matan nan."

Na ce, "Kawuna ne fa."

"Shi da ya goge sunanki ya tuna da haka?"

Na mayar da ido kan littattafan. Sakatare ya ce, "Ba mu ce ki zage shi ba, Malama. Tsohon nan dutse ne, mun duba ko'ina ba mu samu inda ya tsage ba. Sai dai mu jira zaɓen shugabanni."

Wannan wurin ne nake so na faɗa daidai, don na sha gyara shi a raina. Ba su tambaye ni sirrin kowa ba. Ba su san akwai wani sirri ba. Har sun miƙe za su tafi. Ni ce na ji ina so su san cewa ba mata kawai nake da su ba, ina riƙe da abin da duk wayoyinsu da yaransu ba su samo ba.

Na ce, "Ba shi ya goge sunan ba. Ni na goge da hannuna, don shi ba ya ganin inda yake."

Kwamared ya koma ya zauna. Na gaya musu komai, tun daga kwanon fura har yadda yake haddace wasiƙa. Ina magana ina jin daɗin yadda bakin Sakatare ya buɗe. Da na gama, Kwamared ya daki cinyarsa, ya yi dariya har da hawaye, yana cewa, "Shekara biyu! Makaho yana jan mu shekara biyu!" Aka kaɗa ƙararrawa, na shiga aji na koyar da lissafi.

Bayan kwana goma aka sanar da taron sulhu. Wakilai za su zo daga hedikwatar jam'iyya ranar Asabar, a haɗu a harabar makarantarmu, ciyaman ya karanta saƙon shugabanni na a haɗa kai. Ranar Juma'a da yamma Sakatare ya tare ni a bakin lungu ya ba ni wasiƙar a cikin ambulan.

Ya ce, "Ki karanta masa kamar kullum. Ki tabbata ta zauna masa sosai."

Ban tambaye shi me za su yi ba. Na san dai ba sulhu ba ne.

Na karanta wa Kawu sau biyu, ya maimaita, ya yi tuntuɓe a wuri ɗaya, na gyara masa, na sa ya sake daga farko. Ya ji daɗin wasiƙar, don an ambaci dattawan da suka riƙe amana, ya ɗauka da shi ake. Da zan tafi ya ce, "Uwata, muryarki ta dishe. Alli ne ke cinye miki maƙogwaro. Ki ce wa matata ta ɗibar miki zumar nan da aka kawo mini." Na shiga na karɓi zumar na tafi da ita gida.

Asabar da hantsi harabar ta cika. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, manya a gaba, mata a gefen dama. Ni aka ba ni kujera a layin farko. Yaran Kwamared sun zo da yawansu, sun tsaya a baya, sun kuma jera adaidaitansu tun daga bakin ƙofa har gindin rumfa, ba su bar hanya ba sai ɗan tsukukun wuri mai lanƙwasa. Kawu ya riga su shigowa, da farar babbar riga da baƙin tabarau, yana gaisawa da kowa da sunansa.

Aka yi addu'a, baƙi suka yi gajeren jawabi. Sannan Sakatare ya miƙe ya ce, da girmamawa, ciyaman zai karanta saƙon hedikwata. Kawu ya sa hannu a aljihu zai ciro tasa, sai Sakatare ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ta asalin mai hatimi, baƙi sun zo da ita. Duk abu ɗaya ne." Ya sa masa takarda a hannu.

Daga inda nake zaune ina ganin rana tana ratsa takardar. Babu ko ɗigon tawada a jikinta.

Kawu ya gyara tabarau, ya ɗaga ta daidai fuskarsa, ya ɗora yatsa a sama, ya fara. Muryarsa a lasifika tana fita tar, kowace kalma a wurinta. Yana bi da yatsa layi-layi a kan farar takarda. Waɗanda ke kusa suka fara kallon juna. Wani dattijo abokinsa ya yunƙura zai tashi, aka dafa kafaɗarsa ya koma. A baya aka fara ƙus-ƙus, wayoyi suka ɗago sama. Shi bai san komai ba. Da ya zo wurin da ya yi tuntuɓe jiya ya wuce lafiya, har ya ɗan juyo da fuskarsa wajen mata. Ya kai ƙarshe, ya karanta sunan mai sa hannu da muƙaminsa, ya ce wassalamu alaikum.

Babu wanda ya tafa. Kwamared ya taso a hankali, ya zare takardar daga hannunsa, ya karɓi abin magana.

"Jama'a, kun ji karatu?"

Na baya suka ce, "Mun ji!"

Ya ɗaga takardar sama, ya juya gabanta, ya juya bayanta, ya zagaya da ita har gaban baƙi. "To ga abin da Baba ya karanta. Ko dai Baba waliyyi ne, ko kuma shekara biyu muna bin wanda ba ya ganin gabansa. Baba, yatsu nawa na ɗaga?"

Bai ɗaga ko ɗaya ba, hannunsa yana aljihu. Dariya ta fashe. Ba yaran Kwamared kaɗai ba, har da mutanen da Kawu ya ɗaura wa aure, har da matan da ke kusa da ni, suna rufe baki da mayafi kafaɗunsu na rawa. Wani ya kwaikwayi muryar mabarata ya ja baiti, sauran suka amsa. Babban baƙo ya karɓi abin magana ya ce abin takaici ne, jam'iyya tana tausaya wa mara lafiya, amma wa ya san takardun da aka yi ta sa wa hannu ba a gani ba? Don haka an dakatar da ciyaman, Sakatare zai riƙe. Masu goyon baya su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi kamar dawa a gona. Na ɗaga nawa.

Kawu yana tsaye bai motsa ba, yatsansa har yanzu a miƙe kamar akwai takarda. Sannan ya lalubi kujerarsa ta baya, amma an riga an janye ta an kai wa Sakatare. Ya juya ya nufi inda ya san ƙofa take. Taku shida ya yi ya daki gaban adaidaita da gwiwarsa. Mai ita ya danna hon. Ya kauce dama, ya daki wata, ita ma aka danna. Sai duk suka ɗauka gaba ɗaya, ƙara ta cika harabar, shi kuwa da kunne yake tafiya. Ya tsaya a tsakiyarsu, hularsa ta karkace, ya ɗaga murya yadda ban taɓa jin ya ɗaga ba.

"Uwata! Uwata, kina ina? Zo ki kama mini hannu!"

Sau uku ya kira. Tsakanina da shi bai fi taku goma sha biyar ba. Matan da ke gefena suka daina dariya suka zuba mini ido. Kwamared ma ni yake kallo, yana murmushi. Na sunkuyar da kai na buɗe jakata kamar ina neman wani abu.

Da ya ji ban amsa ba, bai sake kira ba. Ya miƙa hannu biyu gaba, abin da shekara biyu bai yarda ya yi a gaban mutane ba, ya bi jikin motocin ɗaya bayan ɗaya yana shafawa har ya taɓa katanga, ya bi katangar har ƙofa. A bakin ƙofa ƙafarsa ɗaya ta zurma kwata har gwiwa. Wata mata mai soya awara a wajen, wadda ba 'yar unguwar ba ce ma, ita ta bar kaskonta ta ciro shi, ta riƙe hannun rigarsa ta kai shi gida. Mu kuma aka ci gaba da taro. Kafin azahar an karanta sunana a matsayin shugabar mata, aka yi guɗa.

Kafin magariba bidiyon ya zaga wayoyin birni. An sa masa kiɗa, an maimaita wurin da yake bi da yatsa. Ɗaliban ajina 'yan shekara tara na gani ranar Litinin suna riƙe da farar takarda suna kwaikwayonsa, da suka hango ni suka watse.

Kwana uku ban je gidan ba. A na huɗu Inna ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗakinta tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Mu uku muka sani. Matarsa ba ta fita ko zaure. Ni kuma nono ɗaya muka sha da shi."

Na fara cewa ai ƙila likita ne, ko wani ya lura.

"Rufe mini baki. Ba zan yi miki baki ba, don in na yi zai kama ki, kuma 'ya'yanki ba su yi mini komai ba. Amma ki sani, shi bai ce ke ce ba. Na tambaye shi sau biyu, ya ce na bar maganar. Je ki gaishe shi."

Na je zaure. Yana zaune a kan buzunsa, ba tabarau, idanun a buɗe suna kallon bango. Na durƙusa na ce, "Kawu, ina wuni."

Ya karkato kai. "Wace ce?"

"Ni ce, Kawu."

"Ban gane muryar ba. Baiwar Allah, in wajen matan gida kika zo, shiga ciki."

Haka ya yi mini har ƙarshen ransa, shekara uku. Ranar sallah, ranar suna, ranar da na kawo masa ɗana na fari da ya sauke Alƙur'ani, sai ya rungume yaron ya sa masa albarka, ni kuma ya tambayi wace ce. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce ya yafe mini. Ya ce, cikin sanyin murya, "Me kika yi mini? Ai ban san ki ba." Ya san inda zai soka, kuma bai taɓa kuskure ba. Bai sake fita ba sai masallacin ƙofar gida. Dattawan da suka rantse suna tare da shi suka rage zuwa, don an fara raba kayan azumi ta hannun sabon ciyaman.

Filin makaranta ya zama tasha cikin wata biyu. Sakatare bai daɗe yana jin daɗin kujerar ba, don duk takardar da zai sa wa hannu sai ta fara biyawa ta bencin Kwamared, kuma da ya gwada yin gardama sau ɗaya, yaran suka ƙi fita ranar zuwan wani babba, rumfa ta zama wayam, aka kira shi hedikwata aka wanke shi tas. Daga baya manyan na sama suka shirya, aka gan su a hoto suna rungume da juna suna dariya. Babu wanda ya tuna da waɗanda aka tattake a ƙasa saboda su.

Da zan ce Allah ya kama ni a kan abin da na yi, da labarin ya fi daɗin ji, amma ba haka aka yi ba. Na riƙe kujerar, na iya aikin, aka ƙara mini girma zuwa ƙaramar hukuma. An ba ni kujerar Makka. Yau ko'ina na shiga Hajiya Shugaba ake ce mini, mata suna tashi su ba ni wuri.

Kawu ya rasu wata Laraba da safe. Ina wajen taro aka bugo mini, kafin na iso an fita da shi. Ranar uku jam'iyya ta shirya zuwa ta'aziyya. Sakatare ya tsaya a ƙofar gida ya yi jawabi, ya ce an yi rashin uba, mutum mai gaskiya da ba za a sake samun irinsa ba, har muryarsa na rawa. Kwamared ya kawo buhun shinkafa, ya sa aka ɗauke shi hoto da shi. Ni kuma aka ce tunda ni ce shugaba, ni zan jagoranci mata zuwa cikin gida. Muka shiga mu kusan ashirin, a jere, ni a gaba.

Inna tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, ita da matar Kawu, da carbi a hannunta. Na durƙusa a gabanta, sauran suka durƙusa a bayana. Na buɗe baki, sai na ji abin da nake faɗa a kowane gidan rasuwa yana fitowa da kansa: a madadin matan jam'iyya, muna miƙa ta'aziyya, Allah ya jiƙansa, ya ba da haƙuri.

Inna ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa. Ta ce, "Amin. Mun gode, Hajiya. Allah ya ba da lada. Ku gaida gida."

Ta juya ga matar da ke bayana ta amsa gaisuwarta da irin muryar. Aka kawo mana ruwa a kofunan baƙi. Muka yi minti goma, mataimakiyata ta taɓa ni ta ce akwai wani gidan a Mandawari da za mu biya kafin la'asar. Na tashi na sa takalmina na bi su.